Mura da tsohon ciki: me za a sha, me za a bari?

Mace mai cikin wata takwas ta wayi gari hanci a toshe, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai na sarawa. Ta sha magani ko ta daure? In za ta sha, wanne? Tambayar nan tana dawowa duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗo, amma tun watan Satumban 2025 ta ƙara ɗaukar zafi. Ranar 22 ga watan, shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce masu ciki su guji Tylenol, wato sunan da ake sayar da farasitamol da shi a can, yana danganta shi da lalurar otizim da wasu ke kira galahanga. Ba a daɗe ba maganar ta iso zaurukan WhatsApp na matan aure, kuma kafin ta iso ta sauya kama, ta koma "an hana mai ciki shan Panadol".

Na ga tasirinta a gidanmu. Ƙanwata tana da cikin wata takwas mura ta kama ta, jiki ya yi zafi. Na ce ta sha farasitamol, ta ce, "A'a Yaya, ba ki ji abin da ake faɗa ba? Lalata ƙwaƙwalwar yaro yake." Da magariba mijinta ya biya kemis ya ce, "Malam, a haɗa min na mura." Bai ce na mai ciki ba ne, mai kemis ɗin ma bai tambaya ba. Aka ƙullo masa ƙwayoyi biyar a 'yar farar leda: fari babba, fari ƙarami, wani yalo mitsitsi, kafso mai launi biyu, da wani ruwan hoda. Ba kwali, ba suna. Na shigo na tarar ta zuba su a tafin hannu, kofin ruwa a gefe. An yi gudun gara za a faɗa gidan zago.

Mece ce murar, kuma me ya sa ta fi jigata mai tsohon ciki?

Mura ƙwayoyin cutar bairos ne ke kawo ta, kuma iri-irinsu sun haura ɗari biyu. Shi ya sa mutum ke yi ya warke ya sake yi. Ana ɗaukarta daga tari da atishawar wani, ko daga hannun da ya taɓa majina ya koma ido ko hanci. Ruwan randa, fanka, ko wankan safe ba su ke haifar da ita ba. Abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da cikin hanci, ƙura ta fafare shi, mutane su cunkushe a ɗaki ɗaya an rufe tagogi, sai cutar ta samu hanya. Takan yi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, ta lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Tarin kan yi jinkirin tafiya, wani har mako uku. Babu maganin da ke kashe ta. Duk abin da ake sha na rage raɗaɗi ne kafin jiki ya gama yaƙinsa.

Daga mako na 28, wato shiga wata na bakwai, jikin mace ya riga ya sauya. Jininta ya ƙaru da kusan rabi, jijiyoyin cikin hanci sun kumbura, har mata da dama kan yi ta fama da toshewar hanci ba tare da wata mura ba, sai bayan haihuwa da kamar mako biyu ta washe. Mahaifa ta turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama, huhu ba ya samun filin buɗewa kamar da. Garkuwar jiki ma ta ɗan sassauta don kada ta yaƙi ɗan da ke ciki. Saboda haka murar da miji zai yi yana zuwa kasuwa, ita sai ta kwantar da ita. Ba raki ba ne.

Murar kanta ba ta ratsawa ta kama jariri, tari ma ba ya girgiza shi, yana kwance cikin ruwansa. Abin da tari ke yi shi ne ya ja jijiyoyin mara su yi zafi, ya kuma sa ɗigon fitsari, abin da mata ke jin kunyar faɗa alhali kusan kowace mai tsohon ciki ta san shi.

Farasitamol da hayaniyar Amurka

Masu zargin farasitamol ba daga sama suka tsinto maganar ba. Akwai binciken da suka lura cewa 'ya'yan matan da suka sha shi da yawa lokacin goyon ciki sun ɗan fi samun otizim. Matsalar ita ce mace ba ta shan magani haka kawai. Wadda ta sha da yawa, wataƙila zazzaɓi ne ya dame ta, ko wata cuta, kuma mai yiwuwa wannan cutar ko gadon iyali ne musabbabin, ba ƙwayar ba. Don warware wannan, masu bincike a Suwidin suka bi bayanan yara kusan miliyan 2.5 da aka haifa tsakanin 1995 da 2019, suka kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha maganin a cikinsa da wanda ba ta sha ba. Sakamakon da ya fito a 2024 bai nuna bambanci ba. Bayan furucin Trump, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujjar da ta haɗa farasitamol da otizim, hukumomin kula da magunguna na Birtaniya da Tarayyar Turai kuma suka ce shawararsu tana nan yadda take.

Abin da saƙonnin waya ba sa faɗa shi ne zazzaɓi kansa yana da illa ga ciki. Zafin jiki mai yawa yana ƙara wa jariri bugun zuciya, yana ƙarar da ruwan jikin uwa, yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Barin jiki ya yi ta ci da wuta don tsoron ƙwaya biyu ba taka-tsantsan ba ne.

Ƙa'idar ita ce a sha lokacin da ake buƙata, a daina da zarar an samu sauƙi. Ƙwaya mai miligiram 500, ɗaya ko biyu, a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Mace mai ƙaramin jiki, wadda ba ta kai kilo 50 ba, ta tsaya a ɗaya. A nemi zallarsa, ba mai "Extra" a jikin kwali ba, domin wannan an ƙara masa kafin, sinadarin da ke cikin kofi da goro. Ana so mai ciki ta taƙaita kafin a kusan miligiram 200 a rana, kuma shayin safe da goron da ake ɗan gatsa don tashin zuciya sun riga sun ci wani kaso. In aka kwana biyu ana shan farasitamol zafin na dawowa, to maganar ta wuce mura.

Na ciwon jiki: nan ne haɗarin gaske

Da za a ɗauki rabin tsoron da aka ɗora wa farasitamol a mayar kan waɗannan, da an yi aiki. Ina nufin dangin ibufurofen da dikilofenak da firoksikam da asfirin, waɗanda muka fi sani da Brufen, Cataflam, Felvin, Ibucap, da garin Alabukun mai asfirin da kafin. Su ne manoma da 'yan dako da masu acaɓa ke sha in jiki ya yi tsami, suna nan a kusan kowane gida, kuma da wuya a yi haɗin mura ko na zazzaɓi ba a jefa ɗaya ba.

Illarsu biyu ce, kuma duk sun fi ƙarfi a ƙarshen ciki. Ta farko, daga tsakiyar ciki, mafi yawan ruwan da jariri ke kwance a ciki fitsarinsa ne. Waɗannan magunguna suna rage aikin ƙodarsa, fitsari ya ragu, ruwan ya ja baya. A watan Oktoban 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su tun daga mako na 20 saboda haka. Ta biyu ta shafi zuciya. Jariri a ciki ba ya numfashi da huhunsa, don haka akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciya da ke karkatar da jini ya tsallake huhun. Ba ta rufewa sai bayan an haife shi ya ja iskar farko. Magungunan nan suna iya rufe ta tun yana ciki, musamman daga mako na 30, sai jini ya taru wa huhu da zuciya. Ƙari a kan haka suna iya jinkirta naƙuda, su kuma ƙara zubar jini wajen haihuwa.

Wadda ta sha sau ɗaya bisa rashin sani kada ta tayar da hankalinta, ta daina, ta faɗa a wajen awo. Akwai kuma togaciya guda: ƙaramin asfirin, irin mai miligiram 75, da likita ke rubuta wa matan da ake jin tsoron hawan jinin ciki zai kama su. Wannan daban ne, kada a ajiye shi don an karanta wannan rubutu.

Maganin mura na kwali, da na kwalba, da kafso

Irin su Procold da Mixagrip ba magani ɗaya ba ne, haɗi ne a ƙwaya guda: farasitamol, da sinadarin buɗe hanci, da na tsayar da yoyon hanci mai sa barci. Mace ta sha ɗayansu ta ɗora Panadol a kai, ta ninka farasitamol ba ta sani ba, kuma hanta ce ke biyan bashin.

Sinadarin buɗe hancin, sudo'efedirin ko fenilefirin, aikinsa tsuke jijiyoyin jini. In an haɗiye shi ba hanci kaɗai yake zuwa ba, duk jiki yake bi, ya ɗaga hawan jini, yana kuma iya rage jinin da ke zuwa mabiyiya. A ƙasar da jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke kawowa, ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma mata da yawa ba su san awon jininsu ba, ni dai ban ga ribar kasadar ba. Abin dariya ma, a 2023 kwamitin ƙwararru na hukumar magungunan Amurka ya yanke cewa fenilefirin na haɗiya ba ya ma buɗe hancin. Na fesawa ko ɗigawa a hanci, irin Otrivin, kaɗan ne ke shiga jini, kuma likita kan yarda da shi in toshewar ta hana barci, amma kada ya wuce kwana uku. In ya wuce, hanci ya saba, ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi.

Piriton ya daɗe ana ba masu ciki, haka loratadin da setirizin, sai dai sun fi amfani ga atishawar ƙura da ƙaiƙayin ido fiye da mura ta gaske. Piriton na sa barci da jiri, ga mace mai nauyin ciki da za ta tashi fitsari sau huɗu cikin dare, don haka a tambayi malaman awo tukuna, musamman in haihuwa ta matso.

Maganin tari na kwalba yawancinsa sukari ne da tarkacen sinadarai, wani har da barasa, amfaninsa kuma kaɗan ne. Mai kodin kuwa ko kusa. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda matasa ke shan sa, amma bai ɓace daga bayan kanta ba. Kodin da tiramadol suna ratsa mabiyiya. In uwa ta sha gab da haihuwa jariri kan fito numfashinsa a raunane, in kuma ta daɗe tana sha, ya fito jikinsa na neman abin, yana ta kuka da karkarwa.

Sai kafso. Mun ɗauka duk ciwon da ba a sha Ampiclox ba bai warke ba. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos, kuma majina ta koma kore ko ruwan ɗorawa ba shaidar ana buƙatarsa ba ce, haka mura ke yi in ta nuna. Wasunsu ma suna da illa ta kai tsaye. Tetirasaikilin, kafson nan ja da yalo, yana shiga ƙashi da haƙoran jariri ya ɓata musu launi. Septrin gab da haihuwa na iya tsananta shawara ga jariri, ko da yake wadda asibiti ya ɗora ta a kansa saboda wata lalura ta ci gaba da abinta. Akwai antibayotik da suka dace da ciki, kuma in mura ta gangara ƙirji ko kunne likita zai ba da su. Bambancin shi ne ya duba, ya san watan cikin, ya san sunan abin da ya bayar.

Abin da ke cikin kicin

A nan ne sauƙin yake, kuma iyayenmu sun riga likitoci sanin wasunsa. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami yana kwantar da maƙogwaro, kuma a gwaje-gwajen da aka yi zuma ba ta gaza magungunan tari na kanti ba. Cokali ɗaya ko biyu kafin kwanciya ya isa. Na san za a ce zuma na kawo zaƙi. Surukar ƙanwata ma da ta ga kofin cewa ta yi, "Ke 'yar nan, da tsohon ciki kike shan zuma? So kike naƙuda ta yi miki tsawo?" Cokalin zuma ba ya tsawaita naƙuda. Wadda ya kamata ta kiyaye ita ce wadda aka gano tana da ciwon sukari na ciki. Wanda zuma ke yi wa haɗari na gaske shi ne jaririn bayan an haife shi: kada a lasa masa ita sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya kashe ba.

Citta ba laifi, ɗan yanki a shayi ko a kunu, kimanin giram ɗaya na busasshiya a rana. Kanumfari, masoro, kimba da tafarnuwa, gwargwadon yadda ake sa su a miya ko farfesu, duk lafiya. Farfesun kaza mai zafi ma magani ne a nan, ga ruwa ga gishiri ga tururi. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki abin da yake kayan ƙamshi a mayar da shi jiƙo mai kauri a yi ta kwankwaɗa kofi-kofi. Haka man habbatus sauda: 'yan ƙwayoyin a abinci daban, shan mansa cokali-cokali da tsohon ciki daban, a bari sai an sauka. Dafaffen ganyen darbejiya da ake sha don zazzaɓi, da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka a tasha, da garin da ba a san saiwar da aka daka ba, duk hukuncinsu ɗaya da ledar kemis. Kasancewar abu daga itace ya fito bai sa ya zama marar ƙarfi ba, ai ƙarfin ne ya sa ake kiransa magani. Kanwa kuma, wadda wasu ke jefawa a kunu don ta "wanke ƙirji", gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki, ba ta dace da mai kumburin ƙafa ko hawan jini ba.

Abin da ya fi komai buɗe hanci ba tare da haɗari ba shi ne ruwan gishiri. A tafasa ruwa rabin lita, kimanin ledar fiya wata guda, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba a tula ba, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A zuba a tsabtataccen tafin hannu a shaƙa a fyace, kamar dai yadda ake yi a alwala, sau uku ko huɗu a rana. Akwai na kwalba a kantin magani ga mai hali. Da irin ruwan nan za a kurkure maƙogwaro a tofar. Ɗan man kaɗanya a bakin hanci yana hana tsagewar da yawan fyacewa da iskar hunturu ke jawowa.

Sirace yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, ba ya rage kwanakin murar. In za a yi, a zuba ruwan a roba a ɗora kan tebur, a zauna a kujera, minti biyar zuwa goma. Kada a durƙusa kan tukunyar da aka sauke daga wuta a lulluɓa da bargo har gumi ya jiƙe zane. Mai tsohon ciki jiri ba ya yi mata wuya, ga tulun ciki a gaba ga tafasasshen ruwa a ƙasa, kuma dumama jiki gaba ɗaya ba alheri ba ne ga jariri. Robb da mantaleta a shafa a ƙirji ko a shinshina. Masu lakata su jefa a ruwan zafi su sha su daina, akwai kafur a ciki, kuma kafur guba ne in ya shiga ciki.

Sauran kuwa ruwa ne da hutu. A sha ruwa har fitsari ya yi haske. Maganin ƙarin jini na awo a ci gaba da shi. Lemu da gwaiba sun wadatar, ba sai an sayi manyan ƙwayoyin bitamin ba.

Ɗakin da take kwana

Wani tarin ba daga mura yake ba, daga ɗaki yake. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace, da janareta a bakin taga duk suna tayar da shi. Mafi muni shi ne kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi. Yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma jinin jariri ya fi na uwa riƙe ta. Alamarta ta farko ciwon kai ne da kasala, sai a ce ai murar ce. A ƙara bargo, a shiga gidan sauro, a sa takunkumi in za a fita cikin ƙura.

Wajen kwanciya, daga mako na 28 ana so ta kwanta ta gefe, ba rigingine ba, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A tada kai da kafaɗa da filo biyu. Wannan na rage toshewar hanci, yana kuma rage ƙwannafi, wanda shi kansa kan sa tarin dare ga masu ciki. Cin tuwo a kwanta nan take yana ƙara shi.

In ba mura ba ce fa?

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin cututtuka da dama a yankinmu da rigar mura suke fara sallama. Ma'aunin zafin jiki na zamani bai kai kuɗin atamfa ba, kuma ya kamata ya shiga kayan haihuwa. Mura ta yau da kullum ba ta cika kai babban mutum digiri 38 ba. In ta kai, abu na farko gwajin maleriya ne, a ranar, ba gobe ba. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a jikin mai ciki ƙwayar takan taru a mabiyiya, ta shanye jinin uwa, ta tsumburar da jariri. Fansidar da ake bayarwa a awo wata-wata rigakafi ne, ba ya nufin ba za a kamu ba.

Zazzaɓin da ya faɗo farat ɗaya da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari na iya zama infuluwenza ko korona. Annobar murar 2009 ta nuna yadda infuluwenza ke kwantar da masu tsohon ciki fiye da sauran mata, kuma maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwana biyu. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin tantani a maƙoshi alamar mashaƙo ce, wadda ta ɓarke tun ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki. Allurar da ake yi a awo, wadda muke kira ta tetanus, tana haɗe da rigakafinta. Ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin rani, sanƙarau ake tsoro. Tarin da ya kai mako biyu, da gumin dare ko rama ko jini a kaki, a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai asma kuma kada ta ajiye abin shaƙarta don tana da ciki, rashin iska ya fi maganin illa ga jariri nesa ba kusa ba.

Biyu sun fi sauran iya ɓuya. Na farko hawan jinin ciki. Ciwon kan da farasitamol bai taɓa shi ba, gani dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu har zobe ya matse, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: waɗannan masu sallamar jijjiga ne. Awon jini 140 bisa 90 ko sama da haka ba abin jira ba ne. Ka ga illar a ba irin wannan mace maganin buɗe hanci.

Na biyu raunin zuciya na ƙarshen ciki da jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa yawansa a ƙasar Hausa na cikin mafi girma a duniya, har suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, ko da yake binciken baya-bayan nan na nuna akwai wasu dalilan. Yakan fara a watan ƙarshe ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma da tari yake zuwa. Banbancinsa da tarin mura shi ne yana tsananta in ta kwanta, ta farka cikin dare tana neman iska, ba ta iya barci sai a zaune, ƙafafu sun kumbura, tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki ta zama aiki. Haki kaɗan a tsohon ciki ba baƙon abu ba ne. Hakin da ke hana mace ƙarasa magana, ko ya zo da ciwon ƙirji ko leɓe ya yi duhu, na asibiti ne ko da tsakar dare.

Sai jaririn kansa. Uwa ta san motsin ɗanta. In ya ragu ko ya sauya, kada a ce murar ce ta sa shi ma ya yi laushi, a je a saurari zuciyarsa. Haka in ruwa na zuba ba ya tsayawa ko ba a yi tari ba, mai yiwuwa faya ce ta fashe ba fitsari ba. Jini ko ciwon mara mai zuwa yana komawa a kan lokaci kafin wata tara ya cika, shi ma haka.

Ita ƙanwar tawa, na karɓe ledar a daren, ta sha farasitamol biyu bayan doguwar muhawara. Da safe muka tafi asibiti da ledar a jakata. Gwaji ya nuna maleriya ce ta haɗu da murar, aka ba ta maganin kwana uku. Malamar awo ta zazzage ƙwayoyin a kan tebur tana juya su da bakin biro. Ta gane farasitamol, ta gane Piriton, ta ɗaga ruwan hodar ta ce wannan ibufurofen ne, ta dubi mijin ta ce, "Alhaji, ka faɗa masa tana da ciki kuwa?" Ya sunkuyar da kai. Sauran biyun, kafson da ƙaramin farin, ta kira wata abokiyar aikinta suka duba tare, babu wadda ta iya cewa ga abin da suke.